Faɗakarwa ga 'Yan'uwa a kan Godiyar Wanda Ya Warke

Da sunan Allah ni ke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Shi ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka. Ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, na Sheme da 'Yankara da Daudawa da Faskari, da duk wanda takardar ga ta iske a Ƙanƙara ko Sabuwa, ku sani, Allah Shi yi muku rahama, bashi ni ke biya da wannan rubutu. Na ci shi bisa gadon asibiti shekara goma da sunka wuce, na yi ta jinkiri da shi, har Allah Ya aiko mini da mai karɓar bashi wadda ba ta iya magana ba tukuna. Cikin watan Mauludi na 1447, wanda ya yi daidai da Satumba 2025, ɗiyata ta haihu a gidana, anka sa mini jikata ta fari bisa hannu, ina da shekara 72. Da yawanku kun zo suna kun ci kun yi addu'a. Ga abin da ban faɗa muku ba ran nan.

Fasali na farko, cikin abin da ya auku

Cikin azumin 1435, shekarar 2014, ina tsakiyar tafsiri, na fara ganin jini kadan na kewaya. Na ce basur ne, zama wane dattijo ne a ƙasar ga ba shi da basur? Na sha saiwa, na sha sassaƙe, na rubuta wa kaina na wanke na sha. Jini ya ɗauke kwana biyu ya komo. Sai bayan gida ya sāke hali, yau gudawa gobe taurin ciki, in fito in ji kamar ban gama ba. Rigata ta yi mini yawa. Daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na huta. Wata takwas ina haka ban gaya wa kowa ba, har uwargida ta ga abin ga wando da ta ke wankewa. Ta iske ni zaure ta ce, "Malam, kai ne ka ke karantar da mu cewa jiki amana ne. To ga amana tana zuba." Ban sami abin ce mata ba.

Farkon 2015 munka tafi Funtuwa, likita ya duba ya ce wannan ya wuce nan. Anka tura mu Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kan hanyar Zariya bayan an wuce Giwa. Can anka sa wani siririn tiyo mai ido ga bakinsa, anka leƙa cikin hanji, anka tsinko ɗan nama anka kai awo. Da amsa ta fito, wani yaro likita, wanda a haife na haife shi, ya zaunar da ni ya ce, "Baba Malam, ciwon daji ne, a ƙarshen babban hanji. Bai kai hanta ba. In ka yarda mu yanke shi, muna da fata."

Kun san abin da a ke faɗi wurinmu, wai ciwon daji ba shi son ƙarfe, kadan allura ko wuƙa ta taɓa shi sai shi haukace. Ni ma da shi na tashi. Na faɗa wa likita haka. Ya ce, "Baba, mutane ba su zuwa sai ciwo ya gama bin jiki. In anka yi aiki anka rasa su, sai a ce wuƙa ce." Na kwana ina juya maganar ga. Na tuna babin magani a ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wanda na karantar ba adadi, inda anka halatta shan magani da ƙaho da lalas. Shin ƙaho da lalas ba ƙarfe da wuta ba ne? Na tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da girman ilminsa da nauyin jama'a bisa kansa, ya zauna ya wallafa littattafai na magani, har da na ciwon basur, bai ga abin kunya ciki ba. Da gari ya waye na ce a yi.

Anka yanke wurin da ya ɓaci. Anka huda mini ciki ta gefe anka fitar da bakin hanji, anka manna jaka, ta nan ƙazanta ke fita ba da izinina ba, har ciki shi warke. Sa'an nan anka shiga ba ni magani ta jijiya, wanda su ke kira kemo, wata shida ana komawa. Waɗansu har gashi a ke yi musu da na'ura, ni ba a yi mini ba. Maganin nan shina kashe baki, shina tada zuciya, ruwan randa kuwa kadan na taɓa sai in ji kamar ƙaya. Yatsuna sunka mutu har ba ni jin ƙwayar tasbaha tana wucewa, alƙalami shina faɗuwa daga hannuna. Da anka gama anka sāke aiki, anka mai da hanji wurinsa, anka ɗinke hudar. Gona guda da bijimai biyu sunka tafi a nan. Sauran ku kunka tara bayan wazifa, Allah Shi saka muku.

Kunka tambaya me ke damun Malam. Wani ya ce aikin ƙaba anka yi mashi. Na ji, na yi shiru, maganar ta zauna haka har yau.

Mas'ala

Na tsaya nan kaɗan domin wanda abin ga zai sama bayana, kada shi bar salla don jaka. Mun karanta cikin Muhtasar na Shehu Halilu, babin abin da ke warware alwala, zancen ƙofa da ke buɗewa ƙarƙashin tumbi. Muna samari muna murmushi, muna cewa malaman da sun cika ƙaddara abin da ba shi aukuwa. Ashe ni anka rubuta wa. Abin da ke fita tutur ba ka da ikon riƙe shi, hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari ne: ka tsabtace gwargwadon iko, ka yi alwala, ka yi sallarka, abin da ya fi ƙarfinka an yafe. Limanci kuwa na bari dukan watannin nan, zama an karhanta mai yoyo shi ja masu lafiya. Jauharatul Kamali, saboda sharaɗinta na tsarki, na tambayi wanda ya fi ni, na koma ina karanta Salatul Fatihi ashirin madadinta kamar yadda mai taimama ke yi. Lazimi kuma kun san majinyaci mai tsanani an ba shi zaɓi. Akwai ranakun da na bari, ban rama ba, ba ni kuma jin komi game da su.

Abin da ya fi wuƙa zafi shi ne tsayuwa sahu na biyu bayan almajirin da na koya wa baƙi. Ran nan na san akwai gunki cikin ƙirjina wanda shekara arba'in na zikiri ba su karya ba, jaka guda ta karya shi.

Fasali na biyu, cikin cewa godiya ta fi haƙuri wuya

Malamai sun yi dogon zance kan wanne ya fi, mai haƙuri ko mai godiya. Imamu Gazali ya gama su biyu cikin littafi guda a rubu'in ƙarshe na Ihya'u, don ba su rabuwa. Ni ba ni da matsayin yanke hukunci tsakaninsu. Amma na ɗanɗana duka biyu, ina ba ku labarin ɗanɗano: haƙuri ya fi sauƙi. Majinyaci an rufe mashi ƙofofi duka an bar mashi ɗaya, ina za shi in ba can ba? A ɗakin nan na Shika, tsakar dare, wani na nishi dama wani na shure-shure hagu, ban taɓa kiran Allah da gaskiya irin ta lokacin ba. Ba haddar da ta tsaya tsakanina da Shi. Can ne na yi bakance, na ce: Ubangiji, kadan Ka tashe ni, zan faɗa wa jama'a sunan ciwon ga da alamunsa da hanyar magani, ba ni ɓoye komi.

Ya tashe ni. Likita ya ce in riƙa komowa ana ɗibar jini ana hoto, zama wannan ciwo in zai komo ya fi komowa cikin shekara biyu ko uku na farko, in mutum ya cika biyar ba a ga komi ba, tsoro ya ragu ƙwarai. Shekara ta fari ina tashi da godiya ina kwana da ita. Ta biyu na koma limanci. Ta uku na fara faɗan almajirai kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙofofi sunka buɗe, na bi kowace. Bakancen kuwa kullum ina ce mashi gobe. Ya za a yi mai rawani shi tashi gaban jama'a shi yi zancen bayan gida da jini da jaka? Shaiɗan ya sa wa abin suna mai kyau, ya ce kunya ce, kunya kuwa imani ce. Ƙarya ya ke yi. Matan Madina sun tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, abin da ya fi wannan nauyi ga baki, anka yabe su a kai. Girman kai ne ya sa rigar kunya.

Shekara biyar ɗina ta cika cikin 2020. Kun san wace shekara ce. Cikin Yuni anka shiga Kadisau anka kashe bayin Allah, cikin Disamba anka kwashe yaran makarantar Ƙanƙara anka yi daji da su. Shekarar da ta biyo anka hana motocin haya bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, anka tsai da kasuwanni, anka yanke waya. Daji guda ya sake ni, wani dajin ya taso wa ƙasa duka. Na sami sabon uzuri, na ce yanzu ba lokacin zancen ciwona ba ne.

Ku saurara da kyau, nan ne maganar ta ke. Cikin 2022 wani ɗan'uwa daga cikinku, manomi, bai fi hamsin ba, ya jira anka watse daga wazifa, ya matso ya rage murya ya ce, "Allah gafarta Malam, basur ya matsa mini, har da jini, wata shida ke nan. A taimaka mini da rubutu." Na dube shi. Na ga wuyan rigarsa ya yi mashi yawa. Na ga farin idonsa da leɓensa. Wallahi na gane, kamar wanda ya duba madubi. Na ji tsoron in na ce tafi Shika, zai ce Malam ya ka sani? Na rubuta mashi, na yi addu'a, na ce Allah Shi sawwaƙe. Sai bayan shekara danginsa sunka kai shi asibiti bisa katifa, anka ce ya kai hanta. Ni na yi mashi salla.

In ka ce: ai ajali ne, Malam, ko ka faɗa ba ka ƙara mashi kwana guda. Sai in ce: gaskiya ne, kuma ba a tambayata kan ajalinsa. Shiruna za a tambaye ni. Rubutun da na ba shi ba ni shakkar albarkarsa, ni ma na sha har ranar da anka shiga da ni ɗakin aiki, ina sha bayan na fito. Amma ina da abu biyu hannuna, na ba shi ɗaya na ɓoye ɗaya, wanda na ɓoye kuwa ba nawa ba ne. Da kuɗinku anka saye shi, har da nasa sisin ciki.

Gazali ya ce godiya ba ta cika sai da abu uku: sanin cewa ni'ima daga Allah ta ke, da farin cikin zuciya da Mai bayarwa, da aiki da ni'imar cikin abin da Ya ke so. Biyun farko na same su arha. Na ukun ne ya kāshe ni. Cikin Suratu Saba, da Allah Ya nemi godiya ga gidan Annabi Dawuda, da lafazin aiki Ya neme ta. Kowace ni'ima kuwa godiyarta daga jinsinta ta ke: mai hatsi shi fid da hatsi, mai ilmi shi karantar, wanda ya ɓace cikin daji ya fito shi tsaya bakin hanya shi nuna wa na baya. Shehunanmu suna kiran wannan tafarki namu tafarkin godiya, har mukan yi alfahari da haka gaban waɗansu. Ni dai na riƙe sunan shekara arba'in, da anka jarraba ni da ma'anar na fāɗi.

Fasali na uku, cikin zancen jika

'Ya'ya shida anka haifa mini, biyar sun koma tun ba su yi wayo ba. Ɗiya guda ta tsaya. Anka yi mata aure 2013, ta shekara goma sha biyu ba ko ɓatan wata. Sa'ad da ni ke kwance a Shika ita ke wanke mini jakar nan, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Na kan dube ta in ce a raina, daga gare ta gidan ga ya ƙare. Ina karanta Suratul Anbiya'i, in iske Annabi Ayuba da cutarsa, ayoyi kaɗan a gaba in iske Annabi Zakariya shina roƙon kada a bar shi shi kaɗai. Na kan ce, na farkon ya ishe ni, ba ni da fuskar roƙon na biyu. Dubi rowar bawa, har ga taskar da ba tasa ba.

Da cikin ya tsufa ta zo gida haihuwa bisa al'ada. Ta yi awo yadda anka ce mata, ta sauka lafiya da asuba, masara na bushewa a gona. Uwargida ta fito da abu cikin zane ta ce, "Malam, ga kishiyata ta iso, sai ka nemo sadaki." Na karɓa. Na yi kiran salla ga kunnenta na dama, iƙama ga na hagu, muryata na rawa kamar ta yaron da anka sa tilawa gaban baƙi. Ta kama yatsana ta riƙe. Yatsan nan da ya mutu da magani har ba shi jin tasbaha, na ji riƙonta sarai.

Zuciyata ta so in fāɗi in yi sujada nan take. Na tuna mashhurin mazhabarmu an karhanta sujadar godiya ita kaɗai, sai na jira rana ta ɗaga na yi nafila raka'a biyu. Ran suna uban ya sa mata sunan mahaifiyata, don haka ba ni iya faɗinsa, Inna ni ke ce mata. Yanzu rigima ta tashi gidan, uwargida na cewa amaryata ce, ni ina cewa uwata ce. Ba a yanke ba tukuna.

Wani zai ce, dattijo malami da wasa da jinjiri? Ku duba Muwaɗɗa, za ku iske Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi salla shina ɗauke da jikarsa Umamatu ɗiyar Zainabu, in zai yi sujada shi aje ta, in ya tashi shi ɗauka. Allah kuma Ya lissafa jikoki cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, kuma da anka yi wa matar Annabi Ibrahimu bushara da Is'haƙa, anka haɗa mata da Yaƙuba bayansa, ɗa da jika cikin albishir guda. Farin ciki da jika ba gafala ba ne, sai in ya tsaya ga jikar bai wuce zuwa ga wanda Ya ba da ita ba.

Wani kuma ya tambaye ni, kuma tambayarsa tana da nauyi: ya a ke murna cikin garin da maƙwabci ke neman kuɗin fansa? Abin da na gani shi ne, ba a mai da kyautar Allah don wani na kuka, ba a kuma kaɗa mata ganga bisa kunnensa. Mun yanka rago, ba maroƙi ba kiɗa, mafi yawan naman ya tafi ga matan da anka koro daga ƙauyukansu. Wata tsohuwa cikinsu, wadda anka kashe wa ɗa, ta karɓi jaririyar ta yi mata rawa bisa gwiwa ta sa mata albarka. Ni ban iya duban fuskarta ba.

Daren sunan ne, kowa ya kwanta, ina jin kukan Inna daga cikin gida, na tuna ɗan'uwan nan manomi ya bar ɗiya budurwa, an yi mata aure bara. In ta haihu, wa za a miƙa wa? Na tashi na kunna fitila na jawo tawada.

Fasali na huɗu, shi ne biyan bakance

Ga shi a fili. Sunan ciwona ciwon daji na babban hanji, waɗansu na ce mashi sankara ko kansa. Ba ƙaba ba ce. Ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ga kwano ko tabarma ko musafaha, kada ku guji mai shi. Tsoka ce ke tsirowa cikin hanji, tana girma sannu, in anka bar ta sai ta aika iri zuwa hanta da huhu. Tun tana wurinta guda wuƙa na cire ta.

Wanda ya ga jini ga bayan gida, ja ko baƙi, ya ƙi ɗaukewa ko shina komowa. Ko bayan gidansa ya sāke hali makonni. Ko shina rama ba dalili, ko jininsa na ƙarewa shina haki. To kada shi yanke wa kansa hukuncin basur. Mai yiwuwa basur ɗin ne, sau da yawa ma shi ne, amma ido ba shi rarrabe su daga waje, mutum guda kuma shina iya ɗaukar duka biyu. Shi tafi asibiti shi faɗa da bakinsa, in anka tura shi gaba shi tafi. Likitana ya ce 'ya'yan wanda ya yi ciwon ga, da waɗanda su ke ciki ɗaya da shi, su je a leƙa hanjinsu in sun kai arba'in ko ba su jin komi, in kuwa ciwon ya kama shi da ƙuruciya su riga haka. Na gaya wa ɗiyata gaban mijinta, na gaya wa ƙannena biyu. Haka mace in ta ji ƙullutu ga nono, kada mijinta shi tsare ta gida da jiƙo.

Ku muƙaddamai da masu allo, da ku ni ke musamman, zama wurinmu a ke fara zuwa kafin a je ko'ina. Wanda ya zo da irin alamun ga, ku rubuta mashi, ku yi mashi addu'a, sa'an nan kada shi bar zaure sai kun sa ranar tafiya. In ya ce ba kuɗin mota, a faɗa bayan wazifa ba tare da an ambaci sunansa ba, yadda kunka yi mini. In ya ce shina jin tsoron ƙarfe, ko shina jin nauyin a buɗe shi gaban yaro, ku aiko shi gare ni. Zan shiga da shi ɗaki in ɗaga riga in nuna mashi tabon, shina nan gefen hagu, faɗin yatsa uku.

Ta cika da godiyar Allah, a Sheme, cikin Rabi'us Sani 1447, ranar da mai jego ta gama wanka za a mai da ita ɗakinta. Wanda ya karanta shi karanta wa wanda bai iya ba. Ina roƙon kowane zaure da takardar ga ta shiga a yi Fatiha ɗaya da Salatul Fatihi ga ɗan'uwanmu manomi, kun san shi ko ban faɗi sunansa ba, kuma a roƙa mini gafara wurin Allah game da shi.